Na Biya Lauyoyin Intanet Sun Duba Mini Sashen Hutu Kafin In Sa Hannu a Kwantiragin Aiki

Shekara huɗu da suka wuce mahaifina ya kwanta jinyar ajali, kuma a makon ƙarshe na rayuwarsa na yi kwana biyar ban taka ofis ba. Da na kira shugaban sashenmu in shaida masa halin da ake ciki, amsar da ya ba ni ta mutunci ce: "Ka zauna wurin Baba, Allah ya ba shi lafiya, kada ka sa aiki a ranka." Na ɗauki maganar a matsayin izini, kuma izinin ne. Sai da takardar albashi ta fito a ƙarshen wata na ga an zaftare kuɗin kwana biyar ɗin cif, a daidai lokacin da bashin asibiti ke jirana. Jami'ar kula da ma'aikata ba ta yi gardama da ni ba, illa dai ta buɗe kwantiragin da na sa wa hannu, ta ɗora yatsa a kan layin da ke cewa kamfani na iya ba ma'aikaci izinin rashin zuwa aiki saboda uzurin iyali. Kalmar albashi ba ta cikin layin. Na karanta wannan takarda ranar da aka ɗauke ni, amma idona ya tsaya ne a kan adadin kuɗi da sunan muƙami, sauran shafukan kuwa na bi ta kansu da gudu.

Saboda haka da wani kamfani ya turo mini sabon kwantiragi a bara, ya ba ni mako guda in mayar da amsa, sai na nemi ɗaya daga cikin hidimomin nan na intanet da lauyoyin ƙwadago ke karanta wa mutum kwantiraginsa kafin ya sa hannu. Ba zan ambaci sunanta ba, domin irinta sun yawaita kuma tsarin aikinsu ya yi kama da juna, abin da zan faɗa zai yi wa mai karatu amfani wajen auna kowace daga cikinsu. Yin rajista ba shi da wuya. Mutum zai ɗora takardar a shafinsu, ya faɗi ƙasar da zai yi aikin, ya zaɓi sassan da ya fi so a zurfafa a kansu, sannan ya biya. Na zaɓi sashen hutu. An yi mini alkawarin rahoto cikin kwana uku na aiki tare da ganawar rabin awa ta bidiyo da lauyar da ta duba takardar, kuma rahoton ya iso da yammacin rana ta biyu, shafi tara.

Sashen da ya kai ni wurinsu jimla ɗaya ce tak. Tana cewa ma'aikaci na iya samun hutu na musamman har kwana uku a shekara saboda uzurin kansa ko na iyalinsa na kusa, gwargwadon yadda hukumar gudanarwa ta ga ya dace. Da na fara karanta ta na ji daɗi, domin a ganina ta fi ta tsohon wurin aikina, tunda ga kwana uku an rubuta ƙarara. Lauyar kuwa shafi biyu da rabi ta cinye a kan wannan jimla kaɗai, kuma wannan aiki shi ne ya fanshi kuɗin da na biya. Ta nuna cewa "na iya samun" ba ya ɗora wa kamfani wani wajibi, dama ce kawai ya ba kansa ya bayar ko ya hana. Ta nuna cewa "har kwana uku" iyaka ce ta sama, ba a yanka ta ƙasa ba, don haka wanda aka ba wuni guda ba shi da bakin ƙorafi. Ta ja layi a ƙarƙashin "ta ga ya dace", ta rubuta a gefe cewa babu ma'aunin da aka ajiye, babu wanda aka ce shi zai yanke hukunci, babu kuma wa'adin da za a ba da amsa a cikinsa, alhali mai uzurin gaggawa ba shi da lokacin jiran zaman hukuma. Sannan ta zo kan abin da ya taɓa cizona: ko a nan ma ba a ce hutun da albashi ne ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma jimlar da na yi murna da ita tsaga huɗu gare ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne lauyar ba ta tsaya a kan wannan sashe ba, ta bi diddigin duk wuraren da suke taɓa shi. A sashen hutun shekara akwai layin da ya ce duk rashin zuwa aikin da aka amince da shi za a fara cire shi daga kwanakin hutun shekara. Ma'ana, kwana ukun nan ba ƙari ba ne, daga aljihuna za a ciro su a miƙo mini. A sashen lokacin gwaji an ce babu wani hutu a wata shida na farko, kamar dai rashin lafiya da mutuwa suna jiran a tabbatar da mutum a aiki. Can kusa da ƙarshe kuma akwai layin da ya mayar da bayanin kowane hutu ga kundin ƙa'idojin ma'aikata, wanda kamfani ke da ikon sauyawa a duk lokacin da ya so ba tare da neman amincewar kowa ba. Waɗannan layuka uku suna shafuka dabam-dabam, kuma ni da kaina ko sau goma na karanta takardar ba na jin zan haɗa su wuri guda. Rahoton ya jera su a tebur ɗaya, kowane layi da lambar shafinsa, da abin da yake nufi a aikace, da kalmomin da lauyar ke ba da shawarar a maye gurbinsa da su.

Bayan haka rahoton ya fayyace abin da dokar da ke iko da kwantiragina ta tanada. Ta yi magana a kan hutun shekara da na rashin lafiyar ma'aikaci da na haihuwa, ta yi shiru a kan jinyar iyaye da rasuwar ɗan'uwa. Wannan shirun shi ne ya sa sashen ke da nauyi, domin inda doka ba ta ce komai ba, abin da aka rubuta a kwantiragi shi kaɗai ne hujjar ma'aikaci. Lauyar ta kawo yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya don nuna inda giɓin yake. Yarjejeniya mai lamba 132 ta shekarar 1970 ta ajiye hutun shekara da albashi a kan mako uku na aiki a ƙalla, ta kuma hana a lissafa ranakun hutun ƙasa a cikinsa. Mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta ce hutun haihuwa kada ya gaza mako 14, kuma inda ake lissafa kuɗin bisa albashi kada ya gaza kashi biyu cikin uku. Amma mai lamba 156 ta shekarar 1981, wadda ta shafi ma'aikata masu ɗawainiyar iyali, duk da cewa ta hana a mayar da ɗawainiyar iyali dalilin korar mutum daga aiki, ba ta yanka adadin kwanaki ba, ba ta kuma ce a biya ba. An rubuta a rahoton da gaskiya cewa waɗannan yarjejeniyoyi suna ɗaure ƙasashen da suka amince da su ne, ba takardu ba ne da ma'aikaci zai ɗauka ya kai teburin manaja.

Sashen kwatance da dokokin wasu ƙasashe ya ƙara mini ilimi, musamman wajen gane cewa izinin tafiya dabam, biyan albashi dabam, har a ƙasashe masu arziki. A Amurka, dokar hutun iyali da jinya da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993 ta ba da mako 12 a shekara, amma babu albashi, kuma a kamfanoni masu zaman kansu sai masu ma'aikata 50 zuwa sama ta shafa, sai kuma ma'aikacin da ya cika wata 12 da awa 1,250 na aiki. A Birtaniya ma'aikaci na da 'yancin barin aiki na ɗan lokaci idan gaggawa ta taso wa wanda ke ƙarƙashin kulawarsa, sai dai doka ba ta tilasta a biya shi ba, sai idan kwantiraginsa ya ce a biya. Jamus tana da sashe na 616 a kundin dokokinta na farar hula, wanda ke kare albashin ma'aikacin da wani uzuri na kansa ya hana shi aiki na ɗan gajeren lokaci ba da laifinsa ba, amma an yarda kwantiragi ya soke wannan kariya, don haka layi ɗaya a takarda ya isa ya share ta. Faransa ce ta fi yanka abin dalla-dalla: kwana 4 don auren ma'aikaci, kwana 3 ga uba idan an yi masa haihuwa, kwana 3 don rasuwar miji ko mata ko uwa ko uba ko ɗan'uwa, sannan tun 2023 kwana 12 don rasuwar ɗa, ko 14 idan bai kai shekara 25 ba, dukkansu da albashi kuma ba a taɓa hutun shekara. Ita kuwa Tarayyar Turai, umarninta na 2019 ya tanadi kwana 10 na aiki ga uba idan an yi masa haihuwa da kwana 5 a shekara ga mai jinyar wani nasa, amma biyan kuɗin kwana biyar ɗin an bar wa kowace ƙasa ta yanke.

Duk da haka, a nan ne zan fara kawo aibin hidimar. Wannan sashe ya yi tsawo fiye da amfaninsa, kuma alamu sun nuna rubutu ne da aka tanada tun tuni ana liƙa wa kowane rahoto. Kusan kashi ɗaya cikin uku na shafukan ya tafi a kansa, alhali babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ke iko da kamfanin da zai ɗauke ni. Wanda bai natsu ba zai iya fita da tunanin cewa yana da haƙƙin da ba shi da shi, ya je yana kafa hujja da dokar Faransa a gaban wanda dokar Faransa ba ta shafe shi ba. Da an taƙaita shi zuwa rabin shafi, an rubuta a samansa da manyan baƙaƙe cewa misalai ne na salon rubutu kawai, da ya fi.

Aibi na biyu ya fi wannan girma, domin ya taɓa zuciyar maganar. Fom ɗin da na cike da farko ya tambaye ni muƙami da albashi da ranar fara aiki, bai tambaye ni ko su wa nake ɗauke da nauyinsu ba. Sakamakon haka, da lauyar ta zo fassara "iyali na kusa", sai ta ba da shawarar a rubuta miji ko mata, da 'ya'ya, da iyaye. Ni kuwa ƙanwar mahaifina ce ta rene ni tun ina ɗan shekara shida, kuma yau ita ce mutumin da kiran waya ɗaya a kanta zai tashe ni daga kan kujerar ofis. Da an sa hannu a kan gyaran kamar yadda aka kawo shi, da an fito da ita daga cikin sashen a rubuce, abin da ya fi tsohuwar jimlar mai harshen damo muni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma hidimar da ke sayar da shawara a kan hutun iyali ya kamata tambayarta ta farko ta zama a kan iyalin.

Ganawar bidiyon ce ta gyara wannan. Na ce mata, "Barista, ni fa Gwaggona ce ta rene ni, kuma a yadda kuka rubuta ba ta ciki." Ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Gaskiyarka, Malam, ya kamata a ce mun tambaye ka tun farko. Faɗa mini, wa da wa ke dogara da kai idan ciwo ya zo?" Na lissafa mata, tana rubutawa. Daga nan ta nuna mini cewa akwai dokokin da suka riga suka warware wannan matsala, kuma a nan ne kwatancen ƙasashe ya yi amfani na gaske. Dokar Amurka ta 1993 tana ɗaukar wanda ya tsaya wa mutum a matsayin uwa ko uba lokacin ƙuruciyarsa a matsayin mahaifi, ko da ba shi ya haife shi ba. Ta Birtaniya tana haɗawa da duk wanda ke dogara da ma'aikacin idan ya kamu da rashin lafiya. Ta Ostareliya, wadda ke ba ma'aikaci na dindindin kwana 10 da albashi a shekara don ciwon kansa ko jinyar wani, da kwana 2 a duk lokacin da aka yi masa rasuwa, tana lissafa wanda suke zaune gida ɗaya. Ta kuma gargaɗe ni da misalin Afirka ta Kudu, inda dokar 1997 ta ba da kwana 3 da albashi don ɗawainiyar iyali, ta jera dangi da yawa a batun rasuwa har da kakanni da jikoki da 'yan'uwa, amma a batun rashin lafiya ɗan ma'aikaci kaɗai ta ambata. Darasin da ta ciro shi ne a tabbatar jerin mutanen ya shafi jinya da rasuwa duka biyun. Washegari da safe ta turo sabon rubutu, ba tare da an nemi ƙarin kuɗi ba.

Rabin awar ta yi kaɗan. Agogo na gudu a kusurwar allo, kuma da lokaci ya cika sai da na zaɓi tambaya ɗaya cikin uku da suka rage mini. Na tambayi batun shaida, wato me kamfani zai iya nema kafin ya biya. Ta ba da shawarar a rubuta cewa takardar asibiti ko shaidar rasuwa ta wadatar, a kawo ta cikin mako guda bayan dawowa aiki, kuma sanarwa ta waya ko saƙo ta isa a ranar da abin ya faru. Wannan ƙaramin layi yana da daraja, domin wanda ke tsaye a bakin ɗakin tiyata ba zai iya cike fom ya jira sa hannun mutum uku ba.

Ya kamata mai niyyar amfani da irin wannan hidima ya san inda aikinta ya tsaya. Ba sa magana da kamfani a madadin mutum. Sun ba ni kalmomi, sun kuma ba ni samfurin wasiƙa mai ladabi, amma ni na zauna gaban jami'in ɗaukar ma'aikata ina neman gyara a takardar da ban riga na sa wa hannu ba, da fargabar kada a ce na cika tsirfa a janye tayin. Haka kuma ba su duba kundin ƙa'idojin ma'aikata ba, domin ba a ba ni shi ba sai bayan na fara aiki, kuma duba shi wani biyan ne dabam. Harshen rahoton ma na lauyoyi ne a wurare da dama, sai da na maimaita wasu sakin layi sau biyu ko uku. Akwai kuma batun sirri, tunda kwantiragi na ɗauke da suna da adireshi da albashi. Shafin nasu ya ce suna goge takardu bayan wani wa'adi, amma sai da na shiga can cikin ƙa'idojinsu kafin na gano hakan, alhali wuri ne da ya kamata a gani kafin a ɗora komai. Ni dai na shafe sunana da na kamfanin kafin in tura, kuma hakan bai rage komai daga ingancin aikin ba.

Kamfanin bai janye tayinsa ba. Cikin gyare-gyare shida da na nema an amince da huɗu. An sauya "na iya samun" zuwa "yana da haƙƙin", an ƙara "da cikakken albashi", an rubuta cewa kwanakin ba sa fita daga hutun shekara, an kuma karɓi fassarar iyali da ta haɗa da wanda ya reni ma'aikaci ko yake ƙarƙashin kulawarsa. An ƙi ƙara kwanakin daga uku zuwa biyar. A batun lokacin gwaji an tsaya a tsakiya, aka ce hutun rasuwa zai fara aiki daga ranar farko, na jinya kuwa sai bayan wata shida. Jami'in ya gaya mini cewa yawancin masu neman gyara a kan albashi suke tsayawa, kuma wannan buƙata tawa ba ta da tsada a wurinsu idan aka kwatanta da ƙarin kuɗi na kowane wata. Wannan ya dace da abin da lauyar ta faɗa mini tun farko, cewa sashen hutu na daga cikin wuraren da kamfani ya fi saurin sassautawa, muddin an zo masa da rubutu a shirye.

A ganina hidimar ta fi dacewa da wanda ke da tsofaffi ko ƙananan yara ko mara lafiya a wuyansa, kuma kwantiraginsa nasa ne shi kaɗai, ba wanda ƙungiyar ƙwadago ta riga ta tsara wa dukkan ma'aikata ba. Wanda ke ƙarƙashin yarjejeniyar ƙungiya gara ya fara da wakilinsa, domin can ne ake yanka irin waɗannan kwanaki. Wanda kuma zai biya, ya rubuta sunayen dangantakar mutanen da yake ɗauke da su a akwatin ƙarin bayani tun kafin a tambaye shi, ya kuma shirya tambayoyinsa a takarda kafin ganawar.

A wata na takwas da fara aiki aka yi wa Gwaggo tiyatar ido. Na tura saƙo da asuba, na yi kwana biyu tare da ita, na kai takardar asibiti ranar da na koma, kuma albashin watan ya fito cikakke, hutun shekarata ma ba a taɓa shi ba. Saura kwana ɗaya ya rage mini, kuma sai a lokacin na lura da abin da ni da lauyar duka muka tsallake: sashen bai ce komai ba a kan makomar kwanakin da ba a yi amfani da su ba. A Ostareliya kwanakin jinya suna taruwa daga shekara zuwa shekara, a Afirka ta Kudu kuwa suna faɗuwa da ƙarewar shekarar hutu. Da na tambayi sashen kula da ma'aikata, sai aka buɗe mini kundin ƙa'idoji, inda aka rubuta cewa nawa yana faɗuwa ranar 31 ga Disamba. Na rubuta wa hidimar na shaida musu wannan giɓi, suka amsa cewa za su ƙara tambayar a jerin abubuwan da suke dubawa, ni kuma na ajiye batun zuwa lokacin sabunta kwantiragi.